Shekarar da Aka Ƙara wa Malam a Golmo

Shekarun baya, tun kafin a ba ƙasar nan mulkin kai, lokacin ina budurwa a Dabai, na kusa rasa mijin da nake so saboda wasu dattijai masu koyon karatu. Jikata ce ta matsa mini in ba ku labarin, tun da kuna ta tambayarta ko wace ce tsohuwar nan da ke yawan tsoma baki a shafinta. To, ni ce. Hannuna na rawa yanzu, don haka ni ke faɗa ita ke dannawa. In kun ga kuskure, nata ne.

A wajenmu a wancan zamani ba a ba saurayi mata don ya iya zance ko don gidansu na da awaki. Sai ya yi golmo. Wato ya yi damina bakwai yana noma gonar uban yarinyar da aka yi masa alkawarinta. Kuma ba shi kaɗai yake yi ba. Samari sa'o'in juna ne ke haɗuwa ƙungiya guda da shugabansu, yau su faɗa gonar surukin wannan, gobe ta surukin wancan, har a zagaye kowa. Ana shiga tare, ana fita tare. Ba mai miƙewa ya sha ruwa sai shugaba ya ba da izini, ba mai ajiye garma sai ya ajiye tasa. Iyayenmu kuwa sukan zauna a inuwa suna kallo, kuma ba kunyoyin kaɗai suke kallo ba. So suke su ga wane ne ke daurewa in rana ta take, wane ne ke laɓewa yana gyaran ƙotar garma.

Nawa saurayin, wanda daga nan zan riƙa kiransa Malam kamar yadda gari ya koma kiransa, siriri ne mai dogon wuya, ba shi da ƙirar manoma ko kaɗan. Amma ba a taɓa barinsa a baya a gona ba. Ya yi 'yan shekaru a makarantar mishan a cikin Zuru kafin ya dawo gida, shi ya sa ya iya karatu da rubutu da Hausa mai kyau, alhali mu sauran yarenmu muke yi, sai Hausar kasuwa. Tun muna yara aka yi mana alkawari, kuma ni dai ina son abina. Ban taɓa ɓoyewa ba. Ƙawayena in sun kai ruwa gona sai su sunkuyar da kai, ni kuwa har tsayawa nake in ga ya sha ya ƙoshi, mahaifiyata ta yi ta ranƙwashina a kan haka.

Ana saura damina biyu ya gama sai gwamnati ta kawo abin da ake kira yaƙi da jahilci, wato ajin koya wa manya karatu. Aka nemi wanda ya iya, aka ba Malam baƙin allo da alli, aka kafa masa rumfa kusa da kasuwa. Da farko dariya aka yi ta yi. Yaron da ko aure bai yi ba zai tsaya a gaban masu furfura yana cewa su maimaita? Amma suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya. Akwai tsofaffin sojoji da suka dawo daga yaƙin Bama, akwai maƙeri, akwai dattijan coci masu son su buɗe littafin waƙoƙi da kansu, har da wani Bakabe mai sayar da gishiri. Yawancinsu abu ɗaya ke cin ransu, sun gaji da a kama musu babban yatsa a dangwala a tawada kamar ba su da suna. Nakan bi ta wajen da yamma in na dawo daga rafi, in ji su suna rera baƙaƙe da manyan muryoyi, in ga hannun da ya saba da garma ya matse alli har ya karye.

Da rani ake ajin, in ruwa ya sauka a rufe. Haka aka yi a shekarar farko. Da aka gama girbi suka dawo, sai Malam ya tarar kusan duk abin da ya koyar ya zube, kamar ba su taɓa ganin allo ba. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Sai ya ce wannan karon ba zai rufe ba, ko da damina za a riƙa haɗuwa da la'asar wasu ranaku a mako, har mai duba azuzuwa ya zo ya yi musu jarrabawa. Kuma wannan ita ce daminarsa ta ƙarshe a golmo.

Kun ga inda matsalar take. La'asar na yi, 'yan golmo na tsakiyar aiki, sai Malam ya jingine garma ya kama hanyar rumfa. Sau ɗaya, sau biyu, abokansa suka yi shiru. Da abin ya zama jiki sai suka fara magana. Surukan da ake barin gonarsu da kunya guda ba a ƙarasa ba su ma suka fara magana. A wajenmu ba abin kunyar da ya kai a ce saurayi ya bar fili abokansa na duƙe. Ba wanda zai tambayi dalili, raggo kawai za a kira shi. Daga ƙarshe shugaban golmo ya tara su, suka yanke cewa ranar da za a yi huɗar gonar mahaifina ba mai zuwa. Tun da yana barinsu, su ma za su bar shi.

Mahaifiyata ce ta gaya mini, muna surfe. Ta ce mahaifina ya ji, kuma ya ce zai zuba ido ya gani. In gonarsa ba ta huɗu a ranar ba, ko kuma yaron ya bar masa fili kafin a tashi, to alkawari ya warware, akwai gidajen da ke tambaya.

"Inna, duk shekarun nan da ya yi fa?" na ce.

"Ubanki ya ce ƙarshen aiki ake dubawa. Ki je ki yi masa magana, ke ce mai baki."

Na tare shi a hanyar rumfa washegari, allo a hammatarsa. Ba a saba budurwa ta tare saurayi a hanya ba, amma ranar ban damu da wanda zai gani ba. Na ce ya rufe ajin nan na wata biyu kawai, tsofaffin ba guduwa za su yi ba. Ya ce saura kaɗan su iya, in ya sake su yanzu wasu ba za su ƙara dawowa ba, don kunyar mantuwa ta fi kunyar rashin sani zafi a wajen babba. Ya ba ni labarin maƙerin da ya rubuta farkon sunansa jiya, ya zauna yana kallonsa har aka watse.

"To, ni fa?" na ce.

Ya gyara riƙon allo. Can ya ce, "Ke ai kina nan."

Na koma gida ina kuka ina zaginsa a zuci, da shi da maƙerin da farkon sunan nasa.

Ranar huɗa ta zo. Gonar mahaifina tana gindin dutse, babba ce, ƙasarta mai tsakuwa, ƙungiya guda ma sai ta yi da gaske take gama ta a yini. Gari na wayewa Malam ya iso shi kaɗai da garmarsa. Ya gaida mahaifina, ya tuɓe riga, ya kama daga gefen gabas. Mahaifina ya shimfiɗa buzunsa a gindin ɗorawa ya zauna. Ni da mahaifiyata muna daga baya da tulun ruwa da ƙwaryar kunu wanda aka dama don mutum da yawa. Ban taɓa ganin abin tausayi kamar mutum ɗaya a tsakiyar wannan fili ba. Yana tafiya yana dawowa, in ka ɗaga ido ka dubi abin da ya rage sai ka ga kamar bai fara ba.

Da hantsi sai muka ji motsi daga hanyar gari. Na ɗauka abokansa ne suka huce. Ashe 'yan ajinsa ne. Dattijai ne a jere, kowa da garma a kafaɗa, wani na ɗingishi, wani na tari. A gabansu akwai wani tsohon soja mai tabo a goshi, wanda shi ne mahaifin shugaban golmo. A can baya ga Bakaben nan mai gishiri, ya riƙo garmar aro kamar wanda aka ba riƙon jaririn wani.

Mahaifina ya miƙe tsaye. Ya san su duka, wasu tare suka yi nasu golmon. Ya ce, "'Yan'uwana, lafiya? Ban kira gayya ba."

Tsohon sojan ya ce sun zo taya malaminsu.

Mahaifina ya ce ai sun san al'ada kamar yadda ya sani. Golmo na samari ne. Mai mata da 'ya'ya ba ya shiga, in kuma ya shiga to kunyarsa ba ta cikin lissafi. Ko sun huɗe gonar nan har bakin dutse, a wajensa ba a yi golmo ba. Gaskiya ya faɗa, kuma kowa ya san gaskiya ce. Na ga Malam ya tsaya da aiki, kansa a ƙasa, kunya ta rufe shi.

Tsohon sojan ya ɗan yi tunani, sannan ya ce, "To mai gona, kada ka lissafa. Amma ba ka hana mutum ya duƙa a gonarka ba, ko?" Bai jira amsa ba ya tuɓe rigarsa ya rataye a reshe, yadda samari ke yi. Sauran suka bi shi. Bakaben ya tsaya yana inda-inda da babbar rigarsa, sannan ya dubi mahaifina ya ce da Hausarsu, "Mai gona, ka yi haƙuri da mu. Ni tun da anka haihe ni ban riƙa garma ba, gishiri nika saidawa. Amma yaron ga ya buɗe min ido, in na zamna gida yau mi zan ce ma Allah?" Ya naɗe rigar ya shiga layi.

Suka jeru kamar 'yan golmo, suka ce Malam ne shugaba, ba za su sha ruwa ba sai ya ce. Ya roƙe su su koma gida, suka yi kamar ba su ji ba. Ni a lokacin haushi ne ya cika ni, don gani nake sun zo su ƙara ɓata abin da suka riga suka ɓata. Amma ko cikin haushin sai da na yi dariya da na ga kunyar Bakaben, ta tashi daga gabas ta nufi kudu, ta haye ta maƙerin, har suka tsaya suna gardamar wane ne ya shiga hanyar wani.

Abin da ban gane ba sai daga baya, tsohon sojan ya san abin da yake yi. Matan da ke wucewa zuwa rafi suka ga dattijan gari tsirara daga ƙugu zuwa sama suna aikin yara a gonar wani. Kafin rana ta kai tsaka labari ya gama Dabai, har Rikoto an ji. Kuma rabin 'yan golmon nan da suka ƙi zuwa, iyayensu ne ko baffanninsu ke duƙe a filin. Wane saurayi ne zai zauna a gida ana cewa ga ubansa can yana yin golmo a madadinsa? Sai ga su a guje. Shugabansu ne a gaba, fuskarsa a murtuke. Bai gaida kowa ba, ya je ya kama ƙotar garmar da ke hannun mahaifinsa. Tsohon ya riƙe ta kaɗan, yana kallonsa, sannan ya saki. Haka kowane ya karɓi ta nasa. Wanda ya karɓi ta Bakaben sai da ya rushe kunyar ya sake daga farko.

Dattijan suka dawo inuwa suna haki, muka ba su ruwa da kunu. Fili ya cika da samari, ƙura ta tashi, aka fara waƙar aiki. Na ga mahaifina ya gyara zama, ya fito da tabarsa. Mahaifiyata ta matse mini hannu. Na ce a raina shi ke nan, an tsallake.

La'asar ta yi, saura kaɗan a gama. Na lura kowa na satar kallon Malam. Tsohon sojan ya ɗaga murya ya ce, "Malam, yau babu aji. Ga mu nan duka, mun yafe."

Malam ya miƙe, ya share gumi. Ya ce, "Ba duka ba, Baba. Mutanen Manga ba su ji ba. Yanzu haka suna rumfa, da ƙafa suka taho."

Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan sanyi. Mutanen ƙauyen Manga 'yan ƙalilan ne a cikin ɗalibansa, sukan bar gonakinsu su yi wannan tafiya don ajin. Wani ya ce a aika yaro ya sallame su. Malam ya ce ya yi musu alkawari da bakinsa, kuma sau ɗaya aka taɓa mayar da su haka, ɗaya daga cikinsu bai sake dawowa ba. Ya dubi shugaban golmo. Shugaban ya ce, "Ni ba zan ce ka tafi ba," ya ci gaba da aikinsa. Sai Malam ya taka har gindin ɗorawa, ya durƙusa a gaban mahaifina, ya ce, "Baba, akwai mutanen da ke jirana. Zan dawo in ƙarasa kunyata kafin rana ta faɗi."

Mahaifina ya ce, "In ka tafi, ka tafi."

Malam ya tashi, ya ɗauki rigarsa, ya wuce ta gabana. Tsakanina da shi bai fi a miƙa hannu ba. Bai dube ni ba. Na dire tulun da ke kaina da ƙarfin da sai da gindinsa ya tsage, ruwa ya bi ƙafafuna, mahaifiyata ta ce in ma fushi nake ai tulun bai yi mini komai ba.

Mahaifina ya hana kowa taɓa kunyar da Malam ya bari. Aka gama gona duka, ta rage ita kaɗai rabi a tsakiyar fili, kowa na wucewa yana ganinta. Rana na dab da faɗuwa Malam ya dawo a guje, ya ƙarasa ta shi kaɗai, mahaifina na zaune yana kallo. Da ya gama ya zo sallama, mahaifina ya naɗe buzunsa ya yi gaba.

Kwanaki suka wuce ba a ce komai ba, gidanmu kamar an yi rasuwa. Ina jin mahaifiyata tana bi da shi a hankali. Wata safiya na ji ta ce masa, "In ka hana wannan, wa za ka ba? Ɗaya daga cikin waɗanda suka kwanta a gida sai da aka tuɓe iyayensu a rana?" Da yamma ya kira ni, abin da bai taɓa yi ba a kan maganar aurena. Ya ce ba zai iya cewa yaron raggo ne ba, ya gani da idonsa. Amma ba zai iya cewa ya gama golmo ba, don ya bar fili a gaban jama'a, in ya kau da kai gobe kowane saurayi zai samo nasa dalilin. Saboda haka daminar bana ba ta shiga lissafi ba. Sai ya sake wata.

"Za ki iya jira?" ya ce.

Har lokacin ban huce ba. Amma na ce, "Baba, zan jira."

Kada ku ɗauka shekara ɗaya ƙaramin abu ce. Da bikinmu na Uhola ya zo bayan girbi aka yaye sa'o'insa daga golmo, suka fito fili da ado ana yi musu kiɗa, ƙawayena duka suka tafi gidajen mazajensu. Ni ina tsaye a cikin 'yan kallo tare da ƙannena. A rafi aka sa mini suna matar allo, har yara na rerawa. Wata gwaggota kullum ta gan ni sai ta tambaya ko tsofaffin sun gama karatun, ko sai na yi furfura ni ma in shiga ajin. Shi kuma Malam ya koma cikin ƙungiyar ƙannensa, yana karɓar umarni daga yaron da shi ya koya wa riƙon garma. Bai taɓa yin ƙorafi ba, ni kuwa na yi nawa da nasa.

Abin dariyar, a wannan daminar dattijan suka mayar da ajinsu ranar kasuwa da yammacin Lahadi, ranakun da 'yan golmo ke hutawa. Ba wanda ya rasa komai. Da an yi haka tun farko da ban tsufa a gidanmu ba, amma a lokacin ba wanda dabarar ta zo wa, har da mai ilimin. Mai duba azuzuwa ya zo, yawancinsu suka ci jarrabawa, aka ba su takardar shaida. Maƙerin ya rataye tasa a maƙera har hayaƙi ya cinye rubutun. Malam ya gama golmonsa ba tare da ya bar fili ko sau ɗaya ba, aka ɗaura mana aure.

Mun yi zama mai daɗi, ba zan ɓoye ba. Bai daina koyarwa ba har ƙarfinsa ya ƙare. Ya sayi keke, ya bi ƙauyukan da ke bayan duwatsu, ya buɗe ajin mata lokacin da maza ke cewa ba amfani. Ni ma a hannunsa na koya bayan haihuwata ta biyu, kuma ya sha faɗa cewa bai taɓa samun ɗaliba mai gardama kamata ba. Ba mu tara komai ba sai 'ya'ya da mutane. Sau ɗaya, muna tsofaffi, na tambaye shi da mahaifina ya hana shi ni fa? Ya ce da ya riƙa dawowa da garmarsa kowace damina har tsohon ya gaji. Na ce da la'asar fa? Ya yi dariya ya ce da la'asar kam da ya tafi. Na yi dariya ni ma, amma a ranar ban ci tuwon dare da daɗi ba.

Bayan rasuwarsa da wasu shekaru sai ga baƙi a gidana da manyan motoci. 'Ya'ya da jikokin waɗannan dattijai ne, da na mutanen Manga, wasu sun zama likitoci, wasu manyan sojoji, wasu malaman jami'a. Suka ce sun haɗa hannu sun kafa kujerar farfesa da sunan Malam a wata jami'a. Suka yi mini bayani cewa dukiya ce aka ware, ba a taɓa uwarta, abin da take haifarwa ne zai riƙa ɗaukar nauyin wani babban malami wanda aikinsa shi ne binciken yadda za a koya wa manya karatu a karkara. In wannan ya gama wani ya hau, sunan Malam yana nan. Na ce to, mutumin da ko kujerar zama a ajinsa ba shi da ita, sai kututture.

Aka kai ni wajen bikin, aka zaunar da ni a gaba. Aka yi jawabai masu daɗi, wasu da Turanci jikata na fassara mini a kunne. Jikan tsohon sojan nan ya ba da labarin ranar huɗa kamar yadda ya ji a gidansu, mutane suka yi ta tafi. Ya faɗi dattijan, ya faɗi Bakaben, ya faɗi yadda Malam ya sadaukar da shekara guda ta rayuwarsa don kada mutanen Manga su koma hannu banza. Duk gaskiya ne. Na yi alfahari har na yi hawaye. Amma ina zaune ina jira in ji ko wani zai tuna akwai wata a gefen gonar nan da tulu a ka, har aka rufe taro.

Wadda aka fara ɗorawa a kujerar mace ce, ba ta kai 'yata ta fari ba. Bayan an watse ta zo ta durƙusa a gabana da doguwar rigarsu ta jami'a, ta ce, "Mama, me kike so mu yi da sunan nan da aka ba mu amana?"

Ban shirya amsa ba, amma ashe tana bakina shekara da shekaru. Na ce, "'Yata, ku koyar kamar yadda ya koyar, kada ku mayar da kowa gida hannu banza. Amma duk wanda za ku tura ƙauye, ku tambaye shi wa ya bari a gida yana jiransa. Ku ce ya nemi yardarsa tukuna."

Ta ce, "Shi Malam bai nema ba?"

Na ce a'a.

Na daɗe ina tunanin abin nan, musamman yanzu da ba ni da aiki sai tunani. Ban ce Malam ya yi kuskure da ya tafi rumfa ba. Da ya zauna a gonar nan don tsoron rasa ni, ina jin da ba shi ne mutumin da na so ba, kuma da waɗannan masu motocin ba su san hanyar gidana ba. Na yarda da wannan har zuciyata. Sai dai na gane cewa duk wanda aka ce ya ba jama'a rayuwarsa, in kun duba da kyau ba tasa kaɗai ya bayar ba, akwai ta wani a haɗe. Shekarar nan da aka yi wa tafi a zauren jami'a ta mu biyu ce. Mahaifina, wanda bai san baƙi ko ɗaya ba, ya kira ni ya tambaye ni ko zan iya bayarwa. Malam bai tambaya ba. Da ya tsaya a gabana a ranar, ko da ido ne, ya ce in ba shi izini, Allah ya sani da na ce ya yi sauri kada su gaji da jira. Har yau abin da ke mini ciwo ke nan, ina da kyautar a hannuna, ya wuce bai ba ni damar in miƙa masa ba.